Ku Bar Babur Ɗin Baba Ya Tashi

Da ƙaramar Sallar da ta wuce muka koma gida Lafani, muka tura tsohon babur ɗin mahaifinmu, Honda CG125, zuwa wurin wani bakanike a Illela, ya cire masa kwantak ya sa masa CDI. Tun daga ranar ba mu huta ba. Ɗan'uwanmu da ke aiki a Abuja ya ce mun ci amanar marigayi. Abokinsa, mai tara tsofaffin babura yana jera su a gareji kamar kwallayen amarya, ya ce mun ɓata masa asali, mun karya masa daraja. Har dattawan majalisa sai da suka sa baki, wai kayan da ba a taɓa su.

To, mun ji. Ku ma ku saurara.

Yawancin masu kukan ba su taɓa buɗe murfin injin sun ga kwantak ɗin da suke wa makoki ba. Wasu 'yan ƙarafa ne guda biyu masu haɗuwa su rabu. Duk juyi ɗaya na injin sai sun rabu, a daidai lokacin ne wuta ke tashi a fulogi ta kunna mai. Idan injin yana juyi 5,000 a minti, sau 5,000 ke nan suna buɗewa suna rufewa. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai rabin milimita ba. Ƙura ta shiga, ta ci su. Danshin damina ya shiga, su yi tsatsa. Ɗan dunduniyar da ke goga ƙarfe ya side, taimin ya goce, babur ya riƙa tari yana shan mai a banza. Dabara ce mai kyau, amma tun kafin yaƙin duniya na farko Charles Kettering ya fito da irinta a Amurka don motocin Cadillac.

Shi kuwa CDI ɗan akwati ne da bai fi na ashana da yawa ba. Kwayil yana tara masa wuta, wani ƙaramin kwayil ya ba shi alama idan lokaci ya yi, sai ya sake ta gaba ɗaya zuwa fulogi. Babu abin da ke gogar wani, saboda haka babu abin da zai side. Kawasaki ta sa shi a babur tun 1969. Ita kanta Honda, da ta fito da CG125 a 1975 musamman don ƙasashe irin namu masu ƙura da ƙarancin gareji, daga baya ta bar kwantak ta koma CDI a wannan babur ɗin. Wato masu kare asali sun fi mai kora shafawa.

Kuma wa ke hawansa? Ba mai gareji ba ne. Ƙaninmu ne, shi ke ɗora masa buhun gero ran kasuwa, shi ke kai yara makaranta. Bara, cikin wani dare na damina, naƙuda ta kama matarsa. Ya buga kik har gumi ya jiƙe masa riga, babur ko tari bai yi ba. Sai da aka buga ƙofar maƙwabci aka ari nasa kafin a kai ta asibiti. Allah ya sauke ta lafiya. Amma duk wanda ya san yadda hanyoyin gabashin Sakkwato suka zama a 'yan shekarun nan ya san abin da ake nufi da babur ya mutu wa mutum a daji bayan magariba. A nan ne muke so a zo a yi mana bayanin daraja.

Hujja ɗaya ce a cikin maganganunsu ta cancanci amsa, kuma daga dattawa ta fito. Suka ce kwantak idan ya ƙi, ka tsaya a gindin bishiya ka goge shi da 'yar takardar yashi ka wuce, CDI kuwa idan ya mutu ya mutu. Gaskiya ne. Da idonmu mun ga Baba yana saita shi da takardar kwalin sigari, shi da bai taɓa shan taba ba. Sai dai wannan hujjar ta zamanin da ake samun kwantak na ƙwarai ce. Bakanikenmu ya zazzage mana gwangwani cike da matattu ya ce, "Injiniya, waɗanda anka kawo muna bana duk jabu na." Shi kuwa akwatin CDI, tunda masana'antun China sun kwaikwayi injin CG sun cika Afirka da shi, babu rumfar kayan babur daga Illela zuwa Ƙonni da za ka rasa shi. Ka sayi biyu, ɗaya a babur ɗaya a aljihu, canjinsa cire soket ne da mayarwa. Mu da muka ga an rufe boda daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, mun san cewa kayan da ke jikin babur ɗin kowa shi ne ba ya yankewa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma, injin da taiminsa ya goce aljihun mai shi yake ci kullum.

Sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, don haka kada a ɗauka duk wani sabon akwati muke wa tafi. Mun fi kowa tsoronsa. Mun san na'urar da kamfani ke kullewa da lambar sirri, har manoman Amurka suka yi shekaru suna faɗa da John Deere a kan a bar su su gyara taraktocin da suka saya da kuɗinsu. Ranar da aka kawo mana babur irin wannan, wanda sai an haɗa shi da kwamfutar dila kafin ya tashi, mu za mu fara ihu. CDI ba shi da lambar sirri, ba ya neman data, yaron bakanike ma ya san wayoyinsa da ka. A wurin aiki mun sha ganin tsohon tsari da kowa ke tsoron taɓawa saboda girmama wanda ya gina shi, har ya rushe a ranar da aka fi bukatarsa. Tsoro ne ake yi wa laƙabi da ladabi.

Baba kansa bai san wannan ladabin ba. Sirdin ba na Honda ba ne, madubin na wani babur ne daban, salansa an yi mata walda ya fi a ƙirga.

Ba mu yanke waya ko ɗaya ba. Tsohon faranti da kwantak da kwandansa suna cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gadon Inna, duk mai so ya mayar cikin yini ɗaya. Idan mai garejin Abuja yana bukatarsu, ya turo kuɗin mota mu ba direba ya kai masa.