RA'AYINMU: Kafin A Kwashi Iyali Zuwa Yawon Sallah

 

Duk wanda ya san ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ya san irin ni'imar da Allah Ya yi mana. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa yake gangarowa yana shayar da gonakin Kadawa da kewaye, har manominmu ya zama yana girbi rani da damina. Shinkafa ta cika kasuwar Kura, tumatir ya cika Kwanar Gafan, kuɗi ya shigo hannu. To, a nan jarrabawar take.

Mun lura duk sa'ad da Sallah ta dace da lokacin ciniki, magidanta da yawa sukan ɗauki shatar mota su kwashi iyali zuwa Gidan Zoo na Kano, ko wuraren lilo da wasan yara, ko bakin ruwan Tiga. Ba mu ce wannan haramun ba ne. Faranta wa iyali ibada ce, kallon halittun Allah kuma yana ƙara imani. Abin da muke kuka da shi shi ne fita babu lissafi: mutum ya kashe kuɗin taki a yini guda don kada a ce maƙwabcinsa ya fi shi, sannan lokacin shuka ya yi, ya koma wurin dillali neman bashi, ya jinginar da amfanin da bai ma tsiro ba. Manoman nan ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsa ta cinye tumatir. Wanda ba ya da ajiya a wannan shekara ya ji jiki.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa da su bi tsari. Da fari a fitar da zakka. Shinkafa da alkama da masara idan sun kai nisabi akwai haƙƙin Allah a cikinsu: ushiri ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri ga abin da aka shayar da wahala da kashe kuɗi. Sai a biya bashi da ladan 'yan ƙwadago. Sai a ware abincin gida, da kuɗin makarantar yara, da na iri da taki da kuɗin ruwa na noma mai zuwa. Abin da ya saura, a cikinsa ake yanka na shaƙatawa.

Shi ma wannan a rubuta shi tun daga gida: kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin shiga na kowane mutum, lilo nawa kowane yaro zai hau, da ɗan abin ko-ta-kwana. A dafa abinci a tafi da shi. A faɗa wa yara iyakar abin da za a kashe, domin wannan ma tarbiyya ce. Alƙur'ani a Suratul Furƙan ya yabi bayin da suke tsakaitawa wajen ciyarwa, babu almubazzaranci, babu ƙwauro.

Haka kuma kada yawo ya cinye salla. A tsara fita yadda Azahar da La'asar ba za su kuɓuce ba, a kiyaye suturar mata, a nisanci cunkoson da ke cakuɗa maza da mata. Masu zuwa bakin ruwa su riƙe yara da kyau, kada su shiga jirgin kwalekwalen da aka yi wa lodi. Hatsarin Bagwai na Nuwamba 2021, wanda ɗaliban Islamiyya da dama suka rasu a cikinsa, ya ishe mu wa'azi.

Wanda bana bai samu rara ba, kada ya ci bashi. Ya kai yara gaida kakanni da dangi, ladan zumunci yana nan.

Allah Ya sa albarka a nomanmu, Ya shirya mana zuriya.