Rumfar Walima Da Mai Gadi A Bakinta

'Yan'uwa Musulmi, duk wanda ya bi ta Ƙofar Guga da yammacin Asabar a lokacin bukukuwa ya san abin da muke nufi. An kafa rumfunan haya, an jera kujeru har an tare hanya, an ɗauko masu girkin kuɗi, kowane baƙo da kwanonsa na shinkafa da kaza. Sannan an tsayar da ƙato a bakin rumfa yana duba katin gayyata. Maƙwabci da almajiri kuwa sai hange daga nesa.

Ba mu ce hayar rumfa haramun ce ba. Ranar Katsina ba ta da wasa. Walima kuma sunna ce, domin Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci Abdurrahman ɗan Aufu da yin ta ko da da tunkiya guda. Amma mu dubi tasa walimar. A shekara ta 7 bayan Hijira, tsakanin Haibara da Madina, sa'ad da ya auri Nana Safiyya (R.A.), fatu aka shimfiɗa, aka zuba dabino da cuku da man shanu. Babu nama, babu gurasa, Anas ya fita ya kirawo Musulmi. Walimar da aka zarga a hadisin Abu Huraira (R.A.) kuwa ita ce wadda ake kiran mawadata a bar matalauta. To, wa mai gadin nan yake korewa?

Don haka muna kira ga uban ango: kafin ka ba masu rumfa da masu girki kafin-alƙalami, fara ƙirga gidajen layinku. A rage kaji, a ƙara tukunya, a sallami mai gadi, a kuma bar wa masu wucewa gefen hanya.