Girgizar ƙasa: Me ya sa jami'o'in Turai ke neman masu digirin digirgir?

A watan Afrilun 2024 ƙasar Holan ta kafa dokar rufe filin haƙar iskar gas na Groningen, wanda ya fi kowanne girma a Turai, alhali kuwa da sauran gas mai yawa a cikinsa. Abin da ya janyo haka shi ne girgizar ƙasa da aikin haƙar ke haddasawa.

A 1963 aka fara zuƙo gas a wurin daga zurfin kimanin kilomita 3. Yayin da gas ɗin ke raguwa, sai dutsen da ke riƙe da shi ya riƙa matsewa, tsofaffin tsagogin da ke ƙarƙashin ƙasa kuma su zame. Girgizar da ta auku a ƙauyen Huizinge a 2012 ƙarfinta maki 3.6 ne kacal, amma ta tsattsaga gidaje saboda ba ta da zurfi.

Matsalar dai ba ta tsaya ga gas ba. A birnin Basel na Suwizalan an yi watsi da wani shirin samar da lantarki daga zafin ƙarƙashin ƙasa bayan girgizar 2006. A Koriya ta Kudu ma, kwamitin bincike ya ɗora alhakin girgizar Pohang ta 2017, mai maki 5.4, a kan ruwan da wata tasha irin wannan ta tura cikin dutse.

Hakan ya buɗe ƙofa ga matasan masu bincike. Hukumar NWO mai ɗaukar nauyin binciken kimiyya a Holan ta ƙaddamar da shirin DeepNL, inda ɗalibai a jami'o'i irin su Utrecht da Delft ke matsa duwatsu a ɗakin gwaji, suna kuma kwaikwayon zamewar tsagogin a kwamfuta. A ƙasar akan ɗauki ɗalibin digirin digirgir a matsayin ma'aikaci mai albashi na tsawon shekaru 4, kuma ana buƙatar ƙwarewa a lissafi da sanin ƙasa.

Har yanzu kimiyya ba ta iya faɗin ranar da ƙasa za ta girgiza. Abin da binciken ke iya yi shi ne auna girman haɗari kafin a fara haƙa. Ƙasashen da ke shirin binne iskar kabon ko cin moriyar zafin ƙarƙashin ƙasa na buƙatar wannan ƙiyasi, domin shi ne zai nuna ko za a ci gaba da aiki, ko kuma a rufe shi kamar na Groningen.