Ra'ayinmu: Kafin Mu Ƙirga Kofuna, Mu Tambayi Yaran

Duk shekara, da zarar an kammala gasar wasanni tsakanin gidaje, makarantunmu kan rubuta rahoton gidan da ya zo na ɗaya da yawan kofunan da aka raba. Rahoton ba ya faɗin abin da ya kawo ɗalibi filin wasa, balle abin da ya sa wani ya daina zuwa.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 81 cikin ɗari na ɗalibai masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun motsa jiki na awa guda a rana, kuma abin ya fi tsanani ga 'yan mata.

Masana sun samar da hanyar auna dalilan matasa. A 1995, Luc Pelletier da abokan aikinsa a Kanada suka fitar da jerin tambayoyi 28 da ke bambanta mai wasa don daɗin wasan, da mai yi don kyauta ko gudun faɗa, da wanda bai ma san abin da ya sa yake yi ba. Na farkon ne ya fi daɗewa a fili, na ƙarshen kuwa yana gab da ficewa.

Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. Ma'aunin da za mu yi aiki da shi dole ya san yaron da ke kallon ƙwallo a matsayin hanyar zuwa Turai kamar Ahmed Musa, da wanda gona ko talla ke cinye yammacinsa, da yarinyar da ta bar tsere don babu suturar wasan da iyayenta za su yarda da ita. Dole kuma ya ƙirga langa da kokawar dandali.

Saboda haka wannan reshe yana kira ga malaman wasanni da su yi wa ɗalibai waɗannan tambayoyi da Hausa, ba tare da rubuta suna ba, su kuma fara da waɗanda suka daina fitowa. Muna kira ga hukumomin ilimi da su ware wa aikin lokaci a jadawali, kada kuma sakamakonsa ya zama bulalar dukan malami. Iyaye ma, a tambayi yaro a gida, a saurare shi har ya gama.