Zafin Rufin Kwano: Taimakon Da Zai Kai Ga Manomi Da Lebura

'Yan'uwa manoma, kowa ya san yadda ɗakin kwano yake a watan Afrilu. A ƙasar Kano zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, kwanon da ke bisa kanmu kuwa ya fi haka nesa. Tun hantsi ɗaki ya zama tanda. Da dare mutane su fito tsakar gida da tabarmi, sauro ya same su. Jariri ba ya barci, tsoho ba ya hutawa, irin shukar da aka ajiye a lungu ya lalace, kajin gidan gona su daina ƙwai, waɗansu ma su mutu.

Kakanninmu sun san maganin wannan. Soron da aka gina da tubali, aka jera azara, aka zuba ƙasa mai kauri, yakan tsare zafin rana har yamma. Rufin ciyawa ma haka. Ba mu ce a koma baya ba, gama azara ta yi wuya, giginya ta ragu, yaɓe kowace shekara kuma aiki ne. Kwano ya zo, ya zauna. Abin da ya rage shi ne a sa wani abu tsakanin kwanon da kan mutum, watau silin, a kuma shafa wa kwanon farin fenti domin ya mai da hasken rana. Tambayar ita ce, wa zai biya?

A waɗansu ƙasashe gwamnati takan taimaka. A Amurka, inda sanyi da zafi duka suke damunsu, dokar shekarar 2022 ta yarda mai gida ya cire kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da ya kashe wajen toshe rufi da bango daga cikin harajinsa, har zuwa dala 1,200 a shekara. An soke wannan rangwame a ƙarshen 2025. Amma ko lokacin da yake aiki, wanda ake binsa haraji ne kaɗai yake cin moriyarsa, kuma sai ya fara kashe nasa kuɗin tukuna. Domin talakawa kuwa suna da wani shiri dabam tun 1976, inda ake zuwa a gyara gidan kyauta. A Ingila kamfanonin wuta da gas aka ɗora wa nauyin, ƙarƙashin shirin da aka fara a 2013.

To, wanne ne zai dace da mu? Lalle ba na haraji ba. Bisa ga sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026, wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba, ba a binsa harajin kuɗin shiga. Wannan abu ne mai kyau. Amma ma'anarsa ita ce, idan gobe aka ce za a rage wa mai sa silin haraji, yawancin membobin ƙungiyoyinmu ba su da abin da za a rage musu. Babban ma'aikaci da ɗan kasuwa mai na'urar sanyaya ɗaki su ne za su kwashe. Na kamfanin wuta ma haka ne. Ƙauyen da ba a kai turakun lantarki ba, wane rangwame KEDCO za ta yi masa?

Kada a ce gwamnati ba ta san zancen ba. A 2017 Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta fito da ƙa'idar gini mai tanadin makamashi, a ciki har da batun sa abin tsare zafi a ƙarƙashin rufi. Takarda ce mai kyau. Sai dai magini a ƙauye ba ya karanta ta, kuma ba ta zo da ko falle ɗaya na silin ba.

Shi ya sa muke so mu juya hankalinku zuwa unguwannin masana'antu na Kano, watau Bompai, wadda ita ce tsohuwa, da Sharaɗa, da Challawa inda majemu suke. Mutum zai ce ina ruwan manomi da su. Ruwansa da yawa. Can samarinmu suke zuwa cin rani bayan girbi. Su huɗu ko biyar su kama ɗaki ɗaya na haya, kwano tsirara, taga ɗaya ƙarama. Wanda ya yi aikin dare, tilas ya yi barci da rana, a daidai sa'ar da ɗakin ba ya shiguwa. Ya koma gaban inji da gyangyaɗi, nan ne ake rasa yatsu. Shi ba zai sa silin a ɗakin da ba nasa ba, mai gidan kuwa ba ya kwana a ciki, balle ya damu. Wannan ƙulli ne da rangwamen haraji ga ɗan haya ba zai kwance ba.

Abu na biyu, can ne gwamnati ta saba yin rangwame. A ƙarƙashin dokar 1971 an riƙa yafe wa waɗansu sababbin masana'antu haraji na shekara uku, a iya ƙarawa zuwa biyar. Sabuwar doka ta sauya tsarin, yanzu ragin yana bin jarin da kamfani ya zuba. Ba mu ƙi ba. Masana'antun Kano sun sha wuya, masaƙu da yawa sun rufe, a Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kowane ma'auni. Suna bukatar taimako. Amma tun da kuɗin jama'a ne ake yafewa, ya kamata jama'a su ga abin da ya dawo musu.

Ga ra'ayinmu. A ba da rangwamen a bakin masana'anta, ga kamfanin da zai yi allon silin mai araha da farin fenti na rufi, da sharaɗin ya sayar wa ƙungiyoyin gama kai masu rajista a farashin da aka sanar a rediyo kowa ya ji. Kayan aikin ma a hannunmu suke. Ɓuntun shinkafa yana nan tuli a bayan injinan casa daga Kura har cikin birni, ana ƙona shi, alhali yana tsare zafi ƙwarai. Ga karan dawa, ga ɓawon gyaɗa. Idan aka matse su suka zama allo, manomi ya sami kasuwar abin da yake zubarwa, ya kuma sayi silin da sauƙi. Kamfanin da yake cin ragin haraji kuma, a sa shi ya gyara rufin ɗakunan da ma'aikatansa suke kwana, ko na haya ne. A birnin Ahmedabad na Indiya, inda zafi ya kashe mutane fiye da dubu a 2010, hukumar gari ta shiga shafa farin fenti a rufin gidajen talakawa tun 2017. Ba wata fasaha mai tsada ba ce.

Amma a yi hattara da 'yan kwangila. Mun ga yadda takin gwamnati yakan bi ta hannu bakwai kafin ya kai gona, in ya kai. Ba mu kaɗai ba ne: a 2025 masu binciken kuɗin gwamnatin Birtaniya sun tarar cewa kusan dukan gidajen da aka lulluɓe bangonsu ta waje a shirin baya-bayan nan suna bukatar gyara, saboda aikin ha'inci. Domin haka a ba ƙungiya kayan, membobi su kama maginin garinsu, su tsaya a kansa.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da za mu fara. Zana ko asabari da aka ɗaure a ƙarƙashin kwano, aka bar tazarar kamu ɗaya domin iska ta ratsa, yana rage zafi sosai. A bar kafa a saman bango ta ɓangarori biyu, a sa mata raga. A nisanta zanar da wayar lantarki da wurin girki, a riƙa duba gara da ɓera. Wanda yake da tsohon silin na asbestos kada ya fasa shi ko ya yanka, gama ƙurarsa tana cutar da huhu. Ƙungiyar da ke yin adashe tana iya keɓe zagaye ɗaya domin fenti da silin, a sayo a sari, a fara da gidajen masu jego da tsofaffi, sa'an nan rumbun iri da ɗakin kaji. A yi aikin a Janairu ko Fabrairu, lokacin da kuɗin amfanin gona yake hannu, kwano kuma yana hawuwa.

Muna roƙon sakatarorin ƙungiyoyi su sa wannan magana cikin taron wata mai zuwa. A ƙidaya ɗakunan membobi marasa silin, da na 'ya'yanmu da ke aiki a Sharaɗa, Challawa da Bompai, a rubuta, shugaba da ma'aji su sa hannu. Kwafi ɗaya a kai wa ɗan majalisar jiha na mazaɓarku, ɗaya ga jami'in ƙungiyoyin gama kai na ƙaramar hukuma, ɗaya kuma a aiko mana kafin ruwan farko.