Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mahukuntan Tasawa da Mayahi



Ku dubi yaranmu bayan girbi. Da karan dawa, da waya, da gwangwanin tumatir, a yanko tayoyi daga tsohon silifa, sai ga mota har da dogon sitiyari. Ba malamin da ya koya musu.

A Amurka, daga 1930 zuwa 1968, kamfanin General Motors ya riƙa shirya wa samari gasar ƙira, yana ba gwanaye kuɗin karatu. Wasunsu sun girma suna zana motocin gaske.

Don Allah a shirya mana irin wannan gasa duk shekara. Makanikan tasha da maƙera su yi alƙalanci, a saka 'yan mata, wanda ya ci kuma a ɗauki nauyin koyon sana'arsa a Maraɗi.