Hannun alarammanmu ma abin adanawa ne

A Fammar na tashi ina kallon wani alaramma yana rubuta Alƙur'ani da ka. Alƙalamin gamba, tawada mai ƙaro, sai takarda. Ya ja baƙi, ya sa wasali da ja, ya ɗiga ɗigo, kullum haka har ya kai ƙarshe.

A Amurka, wata mai zane, Agnes Martin, wadda ta rasu a 2004, da siraran layukan fensir ta yi suna. Haƙuri da natsuwar hannu ake yaba mata. Alarammanmu ibada yake yi, amma wannan natsuwar tana kowane shafinsa.

Yau gara na cin irin waɗannan takardu cikin gafaka. Ina roƙon Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta tattara su, ta adana.